Saki Biyu na Malam Sahabi

Ina tsugune gaban firjin allurar rigakafi a ƙaramin asibitin Mandera, ina ƙoƙarin tayar da manhajar da ta sake mutuwa, aka kira ni daga Bodinga aka ce Malam Sahabi ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gama salati sai na kama kaina ina laluben lambarsa, don in tambaye shi yadda zan yi.

Shi ne shugabana a wurin aiki. Shi ya rubuta manhajar da ke lura da sanyin firjin allura a asibitocin ƙauyukan Shagari, ta aiko saƙo idan zafi ya tashi. Irin wannan manhaja takan ari wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta yi aikinta, sannan ta mayar. Mayarwar nan Malam yake kira saki. Yakan ce, "Wuri sau guda aka sakin shi, ɗiyata. Ki sake shi sau biyu, gida ya rushe. Ki koma ciki bayan saki, kin shiga ɗakin da ba naki ba."

Wata rana yana cikin motar haya ya gano wata matsala, ya kira ni a waya, ya ce da ƙarfinsa: "Hauwa'u, ba wata magana, saki biyu na!" Labari ya riga shi isa gida. Inna Luba, matarsa, ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Malam, in ni ce, bari in sauke tuwo tukuna." Jiya a wurin zaman makoki ta ba mu labarin, ta fara dariya, ba ta ƙarasa ba.

Ban taɓa jin ya zargi layin rubutun manhaja da ta faɗi a kansa ba. "Wanga shaida na," in ji shi, "mai laihi na can baya." Sai ya dinga rage aikin kaɗan-kaɗan har ya rage ɗan guntun da ke mutuwa. Haka yake yi da mutane ma. Idan ma'aikaciya ta yi kuskure, yakan fara tambayar wanda ya koya mata.

Tun shigowar damina manhajar take mutuwa shiru. A ofis ba ta taɓa yi ba, gaban manya lafiyarta lau. Sai a ƙauye, idan layin sadarwa ya yanke ya dawo. A Lambara ta mutu, sola ta yi rauni, firji ya ɗumama, ba wanda ya sani. Aka zubar da allurar. Na ga mata suna mayar da jarirai baya suna kama hanyar gida.

Da ciwo ya kwantar da Malam na je duba shi a asibiti, bai bari na gama gaisuwa ba. "Ta mutu yau?" Na ce ta mutu. Ya rufe ido, ya ce yana zargin hanyoyi biyu ne ke sakin wuri ɗaya lokacin da layi ya dawo. "Na ga ta hwarko. Ta biyu, in na tashi."

Mako mai zuwa za a kawo sabuwar allura. Na ga sakin farko inda ya ce. Na biyun na bi layi-layi, na sa kayan bincike, na cire wayar sadarwa na mayar har hannuna ya gaji, ban same shi ba. Abin da ilimina na jami'a ya iya yi zuwa yanzu shi ne in roƙi ma'aikatan jinya su riƙa taɓa firji da hannu. Duk wanda Malam ya koyar, in yana karanta wannan, ya zo Bodinga. Ba ta'aziyya nake roƙo ba.

Allah ya jiƙan Malam Sahabi, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya ba Inna Luba da 'ya'yansa haƙuri, ya tsaya musu. Ya tsare jariran ƙauyukan nan daga abin da muka kasa gyarawa. Ni kuma ya ba ni ikon sakin Malam, sau ɗaya, yadda ya koya mini. Har yau ban iya ba.