Gado Mai Ɗori, Ranar da Anka Riƙe Shi

Allah da ya ba mu aron Malam Gado mai ɗori na Aliero ya karɓi abinsa ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, shekara ta uku da yanke mana jihar Kebbi. Muna bayansa, kowa da ranarsa. Ni Atiku na Jega Firchin, manomin albasa, abokinsa tun muna kiwon awaki, ni ke faɗin wannan. Ban yi boko ba, ɗiyata Hafsatu ke rubutawa. Ta ce in tsallake maganar ƙwaya don mutuncin mamaci. Na ƙi. Na ji abin da ake raɗawa wurin zaman makoki, gara a ji shi daga bakin wanda ya gani.

Gado, alherinka ba ya buƙatar shaidata. Wanda raƙumi ya taka, wanda ya faɗo daga giginya, zaurenka ake kai su, su kwana su ci tuwon gidanka har ƙashi ya kama. Wata tsohuwa ta warke ta ƙi tafiya, ka ce a bar ta, ai miyar matarka Luba ce ta karye ta karo na biyu.

Motar albasa ce ta kife da kai a hanyar Jega. Ƙugunka da ya karye ya ɗoru, ciwon baya ya ƙi tafiya. Likita ya rubuta maka ƙwayar kashe raɗaɗi, kuma ta yi aikinta. Ba ka neme ta don maye ba, kowa ya ji wannan. Sai dai damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, kana sha, jikinka yana neman ƙari. Har ranar da gyangyaɗi ya ɗauke ka da hannun wata mata a cikin naka, ɗorin ya fita a karkace. Washegari ka zo gonata ka zube sauran ƙwayar a tafina.

Ka ce, "Riƙe min wagga masifa. Ko na yi kuka kar ka ba ni. Na zaɓe ka don duk ƙasar Jega babu mai taurin kanka."

Na bar shuka na tare a gidanka. Ban taɓa ganin jiki ya yi wa mai shi tawaye haka ba. Hamma ba iyaka, hanci na zuba, zufa da sanyi lokaci guda. Abin da ka ci ba ya zama. Ƙafafunka na harbin tabarma, kana cewa tururuwa na tafiya cikin ɓargonka. Luba matarka ta rantse sammu ne, ta cika ɗaki da hayaƙi. Haliru ɗanka ya ɗauki keke zai tafi kemis a Jega, na zare iskar tayar.

Ana cikin haka, da hantsi, amalanke ya tsaya ƙofar gida. Mutanen Kuberi ne ta wajen Maiyama, sun kawo wani magidanci, Safiyanu, gefen rijiya ya rufto masa a cinya. Ka ji nishinsa ka rarrafo zaure. Kafin wani ya tare ka, sabo ya riga hankali: ka dafa cinyar, ka yi bisimilla, ka yi tofi. A zuriyarku ƙafar da wani ya yi wa tofi ta zama tasa, babu mai ɗorin da zai sa hannu bayansa, ko ɗan da ya haifa. Sai bayan nan ka dubi hannuwanka. Suna kaɗawa kamar ganyen rama.

Cinyar na kumbura muna kallo. Haliru ya ja ni waje.

"Baba Atiku, guda ɗaya tak. Hannunsa ya tsaya, ya ɗora, shi ke nan. In ƙafar ga ta lalace sunan gidanmu ya tafi."

Na ce ba shi ya ba ni ajiya ba.

Sai kai da kanka ka kira ni. Ka roƙe ni da zumunci, ka roƙe ni da kabarin uwata. Da ka ga ban motsa ba ka ce, "Mai warin albasa, mi ka sani ga ƙashi? In mutumin ga ya gurgunce, kai za ka noma wa 'ya'yansa?"

Ƙwayar na cikin aljihuna, ina jin ta a cinyata kamar garwashi. Ban san ko ina da gaskiya ba, har yau ban sani ba. Abin da na sani, in ka sha ta yau don Safiyanu, gobe ma akwai wani Safiyanu. Na ce, "Ka ce ko ka yi kuka. To ba ka ma fara kukan ba."

Sa'an nan ka juya ga mutanen Kuberi ka ce su danne ɗan'uwansu yadda aka saba, biyu a kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Ka ce da ni, "Kai kuma zauna bayana. Riƙe ni yadda ake riƙe mai karaya. In na fizge kar ka saki."

Na zauna na rungumo ka, na damƙe damatsanka. Rigarka sharkaf, haƙoranka na haɗuwa. Haliru ya ja ƙafar, Safiyanu ya yi ƙara, kai kuma yatsunka na bin cinyar a hankali, suna ɓacewa suna komowa. Sau biyu amai ya taso maka ka haɗiye. Can na ji ƙashin ya faɗa wurinsa, na ji shi ta cikin bayanka. Ka shafa man shanu, ka jera kara, ka naɗe da tsumma. Da ka ƙulle na ƙarshe sai ka sulale a jikina.

Jikinka ya lafa sannu a hankali. Barci ya daɗe bai komo maka daidai ba, ciwon bayan kuwa da shi ka koma ga Allah. Ba ka sake tambayata ƙwayar ba, ba ka kuma taɓa yi min godiya ba. Safiyanu ya tashi, amma da ɗan ɗingishi, kuma duk sanda anka ambace shi sai ka ce rawar hannunka ce ke tafiya a ƙafarsa. A ciwon ajalinka ka sa ni alkawarin in nema maka gafararsa.

Na same shi bayan an rufe ka, yana karkaɗe ƙasar kabarinka daga hannunsa. Na isar da saƙo. Ya ce, "Baba, da ƙafar ga nika noma, da ita na tako nan. Mi zan yafe?" Na ce ya dai faɗa, ajiya ce anka ba ni. Ya ce ya yafe duniya da lahira.

Na sauke, Gado.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya hutar da bayan nan da bai huta ba a duniya. Ya sa ƙasusuwan da ka haɗa su yi maka shaida. Luba, Haliru da sauran 'ya'ya, da mutanen Aliero baki ɗaya, Allah ya ba ku haƙuri. Mu da munka rage, ya sa mu cika da imani. Amin.