Shekarar da Muka Shuka Gero Zalla

Yayana ya fara ramewa ne da rani, a shekarun da samarin garinmu ke tafiya birni aikin kwangila. Jiki yana ƙanjamewa, ciki yana kumbura. Mun ba shi saiwoyin shawara har ya gaji da ɗaci, sannan na ɗauko shi daga Zandam zuwa asibitin Birnin Kudu. Aka ɗebi jininsa aka aika wani babban asibiti, aka ce mu je gida mu jira.

Ranar da na koma ni kaɗai, likitan ya zaunar da ni. Ya ce akwai wani sinadari a jinin ɗan tayi, wanda ke ɓacewa bayan haihuwa. In aka same shi da yawa a jinin babban mutum, galibi hanta ce ta kamu da ciwon daji. Na tambayi yadda suke gane shi. Ya ce ƙwayoyin garkuwar jikin ɓera ake koya wa saninsa, sai a raine su a kwalba, su riƙa fitar da wani abu da ba ya kama komai sai shi, kamar karen farautar da ya san sansanar nama ɗaya.

"Ya kama a jinin yayanka, Malam. Ba na jin zai daɗe."

A wajenmu ba a faɗa wa majinyaci haka. "Da sauƙi" ake cewa. Amma damina ta matso, kuma gandu shi ke da ta cewa a kansa.

Na same shi a zaure.

"Me bokan Turai ya ce?"

"Ya ce da sauƙi, Yaya."

"To me kake nema a ƙasa? Ɗago ka faɗa mini."

Na ba shi labarin ɗan tayin kawai. Ya yi dariya har ya riƙe haƙarƙari.

"Wato juna biyu gare ni? Sai a sanar da ungozoma."

Daga nan ya juya yana kallon rumbu ta ƙofar zaure.

"Irin dawar nan a bar shi bana. Gero za mu shuka, har gonar gabas."

"Yaya, gonar nan ba ta san gero ba."

"Dawa sai kaka ta yi nisa. Ina so in ci tumu daga gonata."

Mutane suka yi ta mamakin abin da ya same mu, ban ce da kowa komai ba. Da gero ya nuna, na gasa masa tumu biyu, ya murje ɗaya ya ci a hankali. Ranar da muka kai shi makwancinsa, dawar maƙwabta ko kai ba ta fitar ba.