Fuskar Inna a Jikin Gwangwani

Ɗana ya daɗe yana zana labarin mahaifiyata, irin littafin nan da zane ke ba da labari, magana 'yar kaɗan. Duk abin da ke ciki daga bakina ya ji shi a falonmu na garin Silver Spring, nan ƙasar Turawa: yadda take dama fura a Damagaram, da yadda ta raine mu ita kaɗai. Bai taɓa ganin ta ba sai a hoto.

Ranar ƙaddamar da littafin ya turo mini adireshi. Sai da na sauka daga bas na gane ƙaramin wurin dafa giya ne. Masu wurin sun yi wata ta musamman da gero, wai don ta dace da littafin. Ta gilashi na hango gwangwanayen giyar a jere. Fuskar Inna ce a jikinsu, da mayafinta, da tsagen kumatunta. Wata mata ta ɗauki ɗaya tana kurɓa, tana juya shafin littafin.

Ɗana ya fito yana murna, ya ce, "Baba, shigo mana."

Na ce, "Kakarka ka ɗora a kan giya?"

Ya amsa da Turanci cewa karrama ta ya yi, kuma in ba ta haka ba, babu mai karantawa.

Na sa masa albarka, na koma jiran bas. Har yau muna gaisawa a waya, amma ban buɗe littafin ba, shi ma bai tambaya ba.