Karin Wandon Ɗaliban Kwaleji

Da asuba, kafin ya hura gawayin dutsen guga, Baba Pwajok yakan zagaya wurin masu ƙosai da waina na kasuwar Terminus. Takardun da suke naɗe wa mutane abinci yake dubawa. In ya ga shafin tsohuwar mujallar kwaleji, sai ya karɓa ya ba su jarida a madadinsa. Ladi mai ƙosai takan ce, "Baba, ga Farfesa ya zo cin takarda." Shi dai sai ya ci gaba da duba takardun.

Ni makwabcinsa ne a Jos Jarawa, faci nake yi. Shi kuma ya shekara ashirin yana wanki da guga a wata kwalejin horon malamai, har aka sallame shi. Duk shekara ɗalibai kan buga mujalla, da waƙoƙinsu da hotunan ƙwallo da na muhawara. Su ya tara, cike da akwatin ƙarfe. Bai iya karanta Turanci ba, bai kuma damu ba. Hotuna yake kallo. Sai ya ɗora yatsa a kan wandon wani yaro ya ce, "Dubi karin guga. Ni na yi wannan."

A 1978 tsofaffin ɗalibai suka shirya taro. Shugabansu, wani Mista Robert, ya zo da mota har lungunmu. Ya yi dogon bayani a kan tarihi da amana da 'yan baya. Na ce, "Baba, kada ka bayar. Mai yawan magana haka ba ya mayar da abu." Ya ce, "Yarona ne, ni na goge masa rigar jarrabawa." Ya bayar da akwatin duka.

An mayar, gaskiya, bayan sati biyu. Sai dai kowane babban mutum da ya ga kansa yana saurayi ya sa reza ya yanke fuskarsa daga hoton ya tafi da ita gida. Shafi bayan shafi, tagogi ne. An ce a wurin taron har tafi aka yi wa Baba, ko da yake ba a gayyace shi ba.

Ya daɗe yana juya shafukan. Can ya ce, "Kawuna suka ɗauka. Aikina yana nan."

Da shekara ta zagayo, direban Mista Robert ya zo da saƙo cewa waɗanda ba su halarta ba bara suna son ganin mujallun. Baba ya ce masa ya dawo Litinin. Ran Asabar na raka shi tasha, zai koma ƙauyensu wajen Vom. Yaran mota suka ce a ɗora akwatin a sama tare da buhuna. Ya ƙi. Ya ja shi ciki, ya zauna a kansa, ya gyara karin wandonsa, motar ta tashi.