Ranar da Aka Kai Ni Bakin Teku

Na daɗe a Dubai ban ga teku ba. Ni mai zaman gida ce, daga ɗakinmu na Al Qusais sai kicin, sai tagar da nake leƙen manyan motoci suna shiga sito. To rannan maigida ya dawo daga kasuwar Sabkha ya ce in shirya, Baturen da ke yi musu jigilar kwantena ya gayyace mu kwana bakin teku.

Na ce, "Mu, Alhaji? Har da ni?"

Ya ce har da ni.

Kai, irin shirin da na yi! Na ƙunsa lalle, na yi dambun nama, na fito da leshin da nake ta ajiya, don in tsaya kusa da mijina a gaban mutanensa kada ya ji kunya.

Motar Baturen gida ce sukutum, da gado da banɗaki har da murhu. A kan gadon kuma wani ƙaton kare ne kwance, ja, yana haki. Matar Baturen ta kalli lallena ta yi murmushi, ta tambayi Alhaji wani abu. Ban yi boko ba, amma kunnena ƙalau yake, kuma kalmar da ya ba ta na san ta sarai. Da ita ake kiran 'yan Filifin ɗin da ke goge-goge a benenmu. 'Yar aiki.

Na ce ko dai ban ji daidai ba ne. Muna isa aka miƙo min igiyar karen.

Su suka hau ƙaramin jirgin ruwa. Ni na zauna a gindin mota, kare na ja na, leshi na kwasar yashi. Ya lashe min hannu, ya lashe gefen zane, la'asar ta yi ina ta dirzar hannu da ƙasa ina kuka. Teku kuwa ga ta nan shimfiɗe, amma wallahi ba zan iya ce muku ga kalarta ba. Karen ma ba ruwansa, bawan Allah, da ya gaji sai ya kwanta a inuwata.

Da suka dawo ana gasa kifi, na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Alhaji, wace ce ni a nan?"

Bai kalle ni ba. "Haba Hajiya, harka ce fa. Kin san ba ki iya zama da irinsu ba."

"Faɗa mata ni matarka ce. Baki ɗaya ne kawai."

Matar tana kallon mu tana jira a fassara mata. Ya juya ya yi mata dariya, ya ce ina tambaya ne ko karen ya ci abinci.