Lambar Wuyan Rigar Giwa

Shekara talatin da ɗaya Inna Mai Lamba ta yi a ɗakin bayan shagon ɗinki, kusa da taga. Aikinta ɗaya ne, ɗinka ɗan ƙyallen lamba a wuyan rigunan da aka gama. In hantsi ya ratso, burbushin zare kan yi ta shawagi a cikin hasken, ƙafarta na taka keke, hankalinta ya lula can wata duniya.

A ɗakin nan ta gane ashe lamba ma ta iya daɗin baki. Mai shago ya lura mace in ta ga sha huɗu a rigar da tef ɗin awo ya ce sha takwas, ba ta ja da farashi, sai ya ce a riƙa rage lambar. Inna ta sha leƙowa ta ga wata narkekiyar hajiya na juyi gaban madubi tana cewa, "Kun gani ko? Na ce muku na rame!" Kowa ya amsa, "Wallahi kuwa, Hajiya." In ta koma gida ta kwashe labarin ta ba mijinta, ya yi ta dariya har kujerarsa ta yi ƙara.

Mijin nan direban babbar mota ne. Abokansa Giwa suke ce masa, ba kuma sharri suka yi masa ba, don riga in ba lamba hamsin ba ce, ko wuyansa ba ta wucewa.

Sai ciwo ya kama shi, irin mai cin mutum a hankali. Ranar da ya sa rigarsa ta yi masa burum, ya daɗe yana kallon kansa, ya ture kwanon abinci. Likita kuwa ya ce in ya daina ci, shi ke nan. Tsoro ya kama Inna ƙwarai.

Daga nan ta juya sana'arta. Da azahar, in barci ya ɗauke shi a inuwar tsakar gida, sai ta ɗauko riga ɗaya ta rage faɗin yatsa ta kowane gefe, lambar kuwa ba ta taɓa ta. Ya tashi ya sa, ya ji ta zauna daidai, ya shafa ciki ya ce, "Giwa na nan daram." Ya ci abincinsa. Haka suka yi wata bakwai, riguna na ramewa tare da mai su.

Wata azahar ta ɗauko ta ƙarshe, shuɗiyar da yake tuƙi da ita. Ta ɗaga almakashi ke nan, sai ta ji muryarsa, idonsa a rufe.

"Uwar yara, wannan ki bar ta."

"Maɓalli kawai zan gyara, Maigida."

Ya yi murmushi. "Shekara talatin kina ba ni labarin hajiya gaban madubi, ni ne ba zan gane ba? Sauran kin rage, na sa, na ci abinci don hankalinki ya kwanta. Wannan ki bar ta yadda take. Watarana jikoki za su tambaye ki me ya sa ake ce min Giwa."

Ta ajiye almakashin, hawaye na ɗiga a kan rigar.

Har yau tana rataye a bayan ƙofar ɗakinta. In iska ta shigo takan cika ta, kafaɗun su miƙe, Inna ta tsaya da ɗinki tana kallo. Ƙaramar jikarta ta taɓa shiga ciki ita da ƙaninta, suka bar wuri.