Famfon da Ya Ci Bangon Madafata

Ku matso, ku aje hira, ku ara mini kunnuwanku. Wagga ba tatsuniya ba ce, a gidana aka yi ta, can garin Jega.

Famfon madafata ya daɗe yana ɗiga. Malam, mai gidana, shi ke naɗe shi da robar taya, famfon ya yi shiru na ɗan lokaci, ya sake ɗiga. Da Allah ya karɓi abinsa, sai ɗigar ta ƙaru, tana jiƙa gindin bango, bangon kuwa na ƙasa ne. Ɗana mai noman albasa a Aliero ya zo ya duba, ya ce, "Inna, ranar da bangon ga ya faɗi kin gama zaman Jega. Ba ni barin ki cikin kango."

Ni kuwa gidan aka kawo ni amarya, daga cikinsa na so a ɗauke ni.

Ina takaba, ba ni fita, kuma ban yarda baƙon namiji ya shigo mini madafa ba. Sai na roƙi Malama, wata Kirista mai koyarwa da ke haya a ɗakin gefe, ta sayo mini sabon kan famfo. Ta zo da shi, da farin tef, da sifanar aro. Ba ta taɓa yi ba, ban taɓa yi ba. Ranar ba a kawo ruwa ba, muka kwance tsohon salin alin. Ta naɗa tef, ta murɗa sabon da hannu, ta ƙara da sifana.

"Mama, ya isa haka."

"Ɗiyata, ke alli kika sani. Ni na ɗaure damin gero, na ɗaure akuya, ban taɓa ganin abin da ɗauri ya ɓata ba. Miƙo mini taɓarya."

Ta riƙe sifana, na daki ƙotarta kamar mai sussuka. Wani abu ya ce ƙas a cikin bango.

"Mama, mene ne ya yi ƙara?"

"Ɓera ne, ya ga mata sun zama makanikai."

Muka yi dariya, dariyata ta farko tun rasuwar Malam.

Da ruwa ya zo, ko ɗigo babu. Na aika mata da fura. Ashe bututun roba ne ya tsage can ciki, inda ido ba ya kai. Duk ranar da aka kawo ruwa, bango na sha, ni ina hamdala. Farin gishiri ya fito masa, na ce tsufa ne. Ya yi ciki kamar mai juna biyu, na tokare shi da azara. Wata safiya ina shara a tsakar gida, ya zauna gaba ɗaya, ya danne tukwane da murhu.

Ɗana bai yi faɗa ba. Da na fita takaba ya kawo mota.

Malama an yi mata canjin aiki zuwa Maiyama, mun daina jin juna. Ɗana yana nan yana albasarsa, bai taɓa tayar da zancen ba. Gidan an sa masa kwaɗo, awakin unguwa ke shiga ta inda bangon ya faɗi. Ni ga ni Aliero, a ɗakin da aka kwashe buhuna aka shimfiɗa mini tabarma. Kowace Juma'a nakan tambayi yaushe za a ta da bangon, a ce mini sai an sayar da albasa.